Farin Kalifoniya: An je auna rumbun ruwa, an tarar da santimita shida

A ranar Juma'a, 1 ga Afrilun 2022, jami'an Hukumar Albarkatun Ruwa ta Jihar Kalifoniya da ke Amurka suka hau wani fili da ake kira Phillips Station, a kan tsaunukan Sierra Nevada kusa da Tafkin Tahoe, domin awon dusar ƙanƙara da suka saba yi a irin wannan rana tun 1941. A shekarar da abubuwa suka tafi daidai, dusar da ke kwance a filin takan haura mita ɗaya da rabi, ta kusa shanye tsayin mutum. A wannan shekarar ciyawa ce ta tarbe su. A ɗan gurbin da dusar ta rage, kaurinta bai wuce inci biyu da rabi ba, wato santimita shida da 'yan kai, kuma da za a narkar da ita ruwan da za a samu inci ɗaya ne tak. Wannan shi ne kashi 4 cikin 100 na abin da aka saba samu a wurin.

Fili ɗaya ba shi ne jiha ba. Da aka haɗa alƙaluman sauran tashoshin awo, sai dusar da ke kan tsaunukan jihar gaba ɗaya ta tsaya a kashi 38 cikin 100, mafi ƙaranci tun 2015. Yankin arewa, inda manyan madatsun ruwa suke, shi ya fi shan kashi.

Wanda bai san yanayin yankin ba zai yi mamakin yadda cusa bututu cikin 'yar dusa a gefen hanya ya zama abin da gidajen talabijin ke watsawa kai-tsaye. Dalilin shi ne a Kalifoniya damina da hunturu tare suke zuwa. Mafi yawan ruwan shekara yakan sauka ne tsakanin Nuwamba da Maris, daga Mayu zuwa Oktoba kuwa da wuya a ga ɗigo. Ke nan kusan duk noman jihar, wadda ta fi kowace jiha a Amurka samun kuɗi daga gona, na ban-ruwa ne. Abin da ke haɗa lokacin da ruwa ke sauka da lokacin da ake buƙatarsa shi ne dusar kan tsaunuka: tana taruwa a hunturu, ta riƙa narkewa sannu a hankali daga Afrilu zuwa Yuli, ta gangaro cikin koguna daidai lokacin da gonaki da birane ke jin ƙishirwa. Kimanin kashi 30 cikin 100 na ruwan da mutum miliyan 39 na jihar ke amfani da shi daga nan yake fitowa. Rumbu ne da babu wanda ya gina, kuma duk madatsun da aka gina a ƙasansa an tsara girmansu ne bisa zaton zai ci gaba da aikinsa. An ɗauki 1 ga Afrilu a matsayin ranar hisabi saboda a al'ada a lokacin ne rumbun ke cika maƙil kafin ya fara raguwa.

Hunturun da ya fara da murna

Abin da ya sa alƙaluman 2022 suka fi ciwo shi ne yadda kakar ta fara. A ranar 24 ga Oktoban 2021 birnin Sacramento ya samu ruwan sama milimita 138 cikin yini guda, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba. A Disamba kuma cibiyar binciken dusa ta Jami'ar Kalifoniya da ke mashigar Donner ta auna mita 5.4 na dusar da ta zuba a wata ɗaya, ta shafe tarihin da aka kafa a 1970. Da aka je Phillips a ranar 30 ga Disamba, an tarar da dusa kusan mita biyu, jihar kuma tana kan kashi 160 cikin 100 na abin da aka saba gani a wannan rana. Har wasu sun fara tambayar ko farin da aka shiga tun 2020 ya ƙare.

Daga nan sama ta rufe. Watannin Janairu, Fabrairu da Maris, waɗanda ya kamata su kawo kusan rabin ruwan shekara, sun zama mafi bushewa da aka taɓa gani a farkon shekara a fiye da ƙarni guda na rubuta alƙaluma. Wata katangar iska mai nauyi ta kafe a kan tekun Fasifik, tana karkatar da hadari zuwa arewa. Kashi 160 ya koma 92 a farkon Fabrairu, ya sauka zuwa 63 a farkon Maris, ya ƙare a 38.

Akwai abin lura a wannan gangarowa. Da farko ba narkewa dusar ta yi ba, tsayawa ta yi cak, alhali mizanin da ake gwada ta da shi yana ƙaruwa kowane mako, domin a shekarar da aka saba dusa takan ci gaba da taruwa har ƙarshen Maris. Sai a Maris ɗin, da zafi ya shigo da wuri, ta fara zubewa da gaske. Saboda haka kashi 160 na Disamba ba ƙarya ba ne, amma ba alkawari ba ne. Kalifoniya na samun kaso mai tsoka na ruwanta daga 'yan tsirarun manyan hadura, waɗanda masana ke kwatantawa da koguna na tururi da ke ratsa sararin sama daga teku. Rashin uku ko huɗu daga cikinsu ya isa ya mayar da shekarar yalwa ta koma ta fari, kuma har yau babu mai iya faɗa a Disamba ko za su zo a Fabrairu.

Hukumar ruwan kanta ta ɗan biye wa murnar. A farkon Disamba ta sanar da cewa ba za ta ba hukumomin da ke sayen ruwa daga babban tsarin rabon ruwa na jiha komai ba, sai abin da ya shafi lafiya da tsaron rai. A Janairu ta ɗaga kason zuwa kashi 15 cikin 100 na abin da suka nema. A ranar 18 ga Maris ta rage shi zuwa kashi 5. Wannan tsari shi ke shayar da mutum miliyan 27 da gonaki kimanin hekta 300,000, kuma manomin da ya yi lissafinsa a kan alƙaluman Janairu ya riga ya kashe kuɗi kafin na Maris su fito.

Nauyi ake nema, ba kauri ba

Sana'ar awon dusa ta samo asali ne daga wani mutum da ba injiniya ba. James Church malamin harshen Latin da adabin dā ne a Jami'ar Nevada da ke Reno, mai sha'awar hawan dutse a lokacin sanyi. A farkon ƙarni na 20 ana rikici a kan Tafkin Tahoe: masu gidaje a bakin tafki suna kukan ambaliya idan an riƙe ruwa a madatsa, masu buƙatarsa a ƙasan Kogin Truckee suna kukan ɓarna idan an sake shi da wuri, kuma babu wanda ya san yawan ruwan da ke tafe daga duwatsu. Church ya gane cewa kaurin dusa ba ya faɗin komai, domin sabuwar dusa mai laushi kusan duk iska ce, ruwanta ba ya wuce kashi ɗaya cikin goma, alhali wadda ta daɗe ta danƙare takan kai kashi huɗu cikin goma. Sai ya ƙera bututu mai haƙora a baki, wanda ake cusawa har ya taɓa ƙasa, a zaro shi da dusar a ciki, a duba ko akwai ɗan turɓaya a bakinsa don tabbatar da an kai ƙarshe, sannan a rataye shi a sikeli. Nauyin shi ne ruwan. A 1929 majalisar dokokin Kalifoniya ta kafa shirin awon dusa na haɗin gwiwa, kuma bututun da Sean de Guzman, shugaban sashen awon a lokacin, ya riƙe a gaban 'yan jarida a ranar 1 ga Afrilun 2022 bai bambanta sosai da na Church ba.

A yau akwai filayen awo fiye da 260 da ake zuwa da ƙafa sau ɗaya a wata, wasu sai an yi kwanaki ana tafiya a kan dusa ko a sauke ma'aikata da jirgi mai saukar ungulu. Akwai kuma na'urori kimanin 130 masu aiki da kansu. Kowace tana da wata shimfiɗa mai kama da katifa da aka cika da ruwan da ba ya daskarewa. Dusa na danna ta, na'ura na auna matsin, ta aika da sakamakon ta tauraron ɗan'adam. Ma'aikatar Noma ta Tarayya na da irin waɗannan fiye da 800 a jihohin yammacin ƙasar.

Sai dai duk waɗannan ɗigo-ɗigo ne a kan jerin tsaunukan da tsawonsu ya kai kilomita 640. Galibinsu an kafa su ne a matsakaicin tudu, a fili mai lebur da ake iya kaiwa, alhali dusar da ta fi daɗewa tana can ƙololuwa, a dazuzzukan da doka ta taƙaita kafa na'urori. Wani lokaci kuma ƙanƙara kan yi gada a saman katifar ta hana nauyi sauka, na'ura ta ba da ƙarya. Domin cike wannan giɓi, a 2013 Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, NASA, ta fara gwajin auna dusa daga jirgin sama a kwarin Kogin Tuolumne, wanda ke shayar da San Francisco. Jirgin na harba hasken lesa ya auna tudun ƙasa a lokacin rani, ya dawo a hunturu ya sake aunawa, bambancin shi ne kaurin dusa a kowane taƙi na kwarin. Hanyar ta fi daidai nesa ba kusa ba, amma tana da tsada, ba a yin ta kullum, kuma ba ta kai ga kowane kwari ba tukuna.

Ruwan da ya ɓace a 2021

Babbar matsalar da ke gaban masu hasashe a 2022 ba ta awo ba ce. A ranar 1 ga Afrilun 2021 dusar jihar tana kan kashi 59 cikin 100. Shekara ce mara kyau, amma ba bala'i ba, kuma bisa wannan adadi aka fitar da hasashen ruwan da zai shiga madatsu. Ruwan bai zo ba. Kafin 10 ga Mayu, lokacin da Gwamna Gavin Newsom ya faɗaɗa dokar ta-ɓaci ta fari zuwa gundumomi 41 cikin 58, ofishinsa ya ce abin da aka sa rai ya ragu da kimanin mita kubik miliyan 600, wanda zai iya wadatar da gidaje har miliyan ɗaya na tsawon shekara.

Ina ya tafi? Ƙasar da dusar ta kwanta a kanta ta riga ta bushe ƙayau bayan zafin 2020 da ƙarancin ruwan farkon kaka, don haka da narkewa ta fara sai ƙasa ta fara shan rabonta, itatuwa masu ƙishi suka sha nasu, iska mai zafi ta kwashe wani kason kai-tsaye ba tare da ya zama ruwa ba. Kogi ya samu saura. Lissafin da hukumar ke amfani da shi a lokacin an gina shi ne a kan tarihi: idan a shekarun baya dusa kaza ta haifar da ruwa kaza, to bana ma haka za a yi. Wannan lissafi ya yi aiki kusan shekara 90 saboda zafi da danshin ƙasa ba sa kauce wa iyakar da aka sani. Yanzu sun kauce. Binciken da Park Williams na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles da abokan aikinsa suka wallafa a Fabrairun 2022, bisa zoben da ke cikin kututturen tsofaffin itatuwa, ya nuna cewa shekarun 2000 zuwa 2021 su ne 22 mafi bushewa a kudu maso yammacin Arewacin Amurka cikin aƙalla shekara 1,200, kuma kimanin kashi 42 cikin 100 na tsananin ya faru ne sakamakon ɗumamar yanayi da ɗan'adam ya jawo.

Kuskuren hasashe ba a takarda yake tsayawa ba. Mai kula da madatsa yana sakin ruwa a bazara ne da tunanin wani na tafe. A watan Agustan 2021 ruwan madatsar Oroville ya yi ƙasa har aka kashe tashar lantarkin da ke jikinta, karo na farko saboda ƙarancin ruwa tun da aka gina ta a ƙarshen shekarun 1960.

A 2022 an samu ɗan abin da ya kwantar da hankali, wato ruwan Oktoba ya jiƙa ƙasa kafin dusa ta rufe ta, don haka aka yi zaton mai yiwuwa ƙasa ba za ta ci kaso irin na 2021 ba. Amma an samu sabon abin da lissafin bai san da shi ba. Gobarar dajin Dixie ta cinye kusan hekta 390,000 a 2021, mafi yawa a yankin da ke zuba ruwa cikin Oroville, gobarar Caldor kuma ta ratsa ta yankin Phillips ɗin kansa. Dajin da ya ƙone ba shi da inuwa, kuma gawayin da ke zubowa daga kututture yana baƙanta dusa ta riƙa shan zafin rana maimakon mayar da shi. Tashar da aka yi shekara 80 ana aunawa a tsakiyar daji ba ita ce tashar da ke tsakiyar toka ba, ko da sunanta bai sauya ba.

Hatta kalmar "abin da aka saba" tana motsi. A 2021 Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta sauya shekarun da take ɗaukar matsakaici daga 1981–2010 zuwa 1991–2020, kamar yadda ake yi duk shekara goma. Duk lokacin da aka shigar da shekarun fari cikin mizani, mizanin kan iya gajarcewa, a wayi gari ana kiran abin da a dā ake ganin ƙaranci ne da sunan daidai.

Mai tambaya zai ce me ya hana a tare ruwan tun yana sauka a hunturu, tunda ɗumama na mayar da dusa ruwan sama? Amsar ita ce madatsun aiki biyu suke yi masu karo da juna. Doka ta wajabta a bar sarari a cikinsu a lokacin hunturu saboda ambaliya, kuma ba wanda ya manta da Fabrairun 2017, lokacin da hanyar fitar da rarar ruwa ta Oroville ta lalace aka kwashe kusan mutum 188,000 cikin gaggawa. Dusa tana jira, ruwan sama ba ya jira. A Tafkin Mendocino an gwada barin masu kula da madatsa su riƙe ƙarin ruwa idan hasashen kwanaki masu zuwa bai nuna hadari ba, kuma gwajin ya yi armashi. Sai dai wannan ma ya dogara ne da ingancin hasashe, wanda shi ne abin da ake kuka da shi.

Wa zai ɗauki asarar?

Madatsar Shasta, mafi girma a jihar, ba ta kai kashi 40 cikin 100 na cikarta ba a farkon Afrilun 2022, Oroville kuma ba ta kai rabi ba. Tun 23 ga Fabrairu hukumar tarayya da ke kula da Shasta ta shaida wa yawancin manoman da ke da kwantiragi da ita cewa kasonsu na 2022 sifili ne. Ƙarancin ba ya faɗawa kowa daidai. Dokar ruwa ta jihar ta fifita wanda ya riga kafa haƙƙinsa, musamman kafin 1914, don haka gonaki biyu na iya maƙwabtaka, ɗaya na shan ruwa ɗaya na kallo.

Mai noman shinkafa a kwarin Sacramento na iya barin gonarsa ta huta shekara guda, ya yi asara ya tsira. Mai gonar almond, wanda jihar ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da duniya ke ci, ba shi da wannan zaɓi, domin itacen da ya yi shekaru yana reno zai mutu. Saboda haka sai ya koma rijiyar burtsatse. A shekarar da aka saba ruwan ƙarƙashin ƙasa na ba da kimanin kashi 40 cikin 100 na buƙatar jihar, a shekarar fari yakan kai 60. Mai kuɗi na zurfafa rijiyarsa, rijiyoyin gidajen ma'aikatan gona da ke ƙauyukan kwarin San Joaquin su ƙafe. Ƙasar ma nutsewa take yi, har magudanar Friant-Kern ta rasa fiye da rabin ƙarfin ɗaukar ruwanta a wani sashe. An kafa dokar daidaita haƙar ruwan ƙasa a 2014, amma ta ba yankunan da suka fi lalacewa wa'adi har 2040. Wani nazari da Jami'ar Kalifoniya da ke Merced ta jagoranta ya ƙiyasta cewa farin 2021 ya jawo wa noma asarar Dala biliyan 1.1 kai-tsaye, da ayyuka kusan 8,750, da gonaki kimanin hekta 160,000 da aka bari ba shuka.

Akwai kuma mai haƙƙin da ba ya zuwa kotu da kansa. Wani jinsin kifin salmon da ke dab da ƙarewa yana zuba ƙwai a Kogin Sacramento da rani, kuma ƙwan ba ya rayuwa sai da ruwan sanyi da ke ƙasan Shasta. A 2021 ruwan ya yi ɗumi, mafi yawan ƙwan ya mutu. Kifin shekara uku yake yi kafin ya dawo haihuwa, don haka shekara uku a jere na irin wannan asara ta shafi zuriyar gaba ɗaya. Kudancin jihar ma ba shi da wurin gudu, domin ɗaya hanyar ruwansa, Kogin Colorado, na cikin nasa halin: a tsakiyar Maris na 2022 Tafkin Powell ya sauka zuwa matakin da ba a gani ba tun da aka fara cika shi a shekarun 1960.

A nan ne siyasa ta shigo. A ranar 1 ga Afrilun 2015, lokacin da dusar jihar ta tsaya a kashi 5 cikin 100, Gwamna Jerry Brown ya tsaya a kan busasshiyar ciyawar Phillips ya ba da umarnin tilasta wa birane rage shan ruwa da kashi 25, karo na farko a tarihin jihar, kuma birane sun kusa cika adadin. Newsom ya zaɓi lallashi. A Yulin 2021, wata biyu kafin zaɓen kiranyen da ya tsallake, ya roƙi jama'a su rage kashi 15 don raɗin kansu. Abin da aka samu bai kai rabin haka ba, a Janairun 2022 ma shan ruwa ƙaruwa ya yi idan aka gwada da na 2020. Umarnin da ya sa wa hannu a ranar 28 ga Maris ya tura nauyin ga hukumomin ruwa na yankuna, ya kuma nemi a duba hana ban-ruwan ciyawar ado a harabar kamfanoni da ma'aikatu. Hujjarsa ita ce yankuna sun bambanta, wasu sun zuba jari a ajiya da sake tace ruwa, bai dace a yi musu kuɗin goro ba. Hujjar na da ƙarfi, amma a lokacin ba a rasa masu tuna cewa akwai zaɓen gwamna a Nuwamban 2022 ba. Ko da birane sun bi umarnin sau da ƙafa, kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da mutane ke amfani da shi a jihar gona yake tafiya.

A lokacin ana jiran hasashen ƙarshe na kakar ne a farkon Mayun 2022, wanda a kansa za a tsayar da yawan ruwan da za a saki daga Shasta da Oroville har zuwa kaka. Hukumar, wadda Karla Nemeth ke jagoranta a lokacin, ta ƙara yawan shawagin jiragen awo a 2022, ta kuma shiga gyara lissafinta don ya kula da danshin ƙasa da zafi. Manoman shinkafa ba su da damar jiran sakamakon gyaran a lokacin, domin a cikin Afrilu da Mayu ake cika fadamun da ruwa a watsa iri.